Katin da Na Adana Shekara Goma Sha Shida

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Saratu. Ƙosai nake soyawa a Gyaɗi-Gyaɗi, inda masu adaidaita suke tsayawa. Ban yi makaranta ba, kuma ba ni da yawan magana. Abin da ya faru zan faɗa in zauna.

Ɗana na fari, Ishaku, ƙyanda ce ta kashe shi yana da shekara biyu. Ba a yi masa rigakafi ba, don ban san amfaninsa ba a lokacin. A bakin kabarinsa na yi wa Allah alkawari, in ya sake ba ni haihuwa, babu allurar da za ta wuce abin da na haifa.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki na haifi Rifkatu, a gida. Mijina Bulus ya rasu ina da cikinta wata bakwai. Rigakafi da safe ake yi, ƙosai ma da safe ake saye. In na sauke kasko, ba mu ci ba ranar. Sai yayar mijina, Yaya Talatu ta Daurawa, ta ce, "Saratu, bar min wannan. Jinin ƙanena ce. Ni zan riƙa kai ta."

Takan zo ta goya ta, kafin rana ta take ta dawo. "An yi," in ji ta. "Ta ɗan yi kuka." Ni kuwa in durƙusa in yi godiya, in ƙunsa mata ƙosai mai zafi. Da aka gama, ta kawo min katin asibiti cike da rubutu. Na sa shi a leda, na cusa cikin Littafi Mai Tsarki na mijina.

Sau biyu muka gudu daga gida lokacin tashin hankali. Na bar tukwane, na bar katifa. Ban bar katin nan ba.

Daminar bara ruwa ya ci wasu ƙauyuka. Kun tuna Fasto ya nemi matasa su je taimako, kwashe laka da ɗaga rufin da ya faɗi da raba abinci. Rifkatu ce ta fara ɗaga hannu. Shekararta sha shida. Mama Hannatu, ma'aikaciyar jinyar nan ta ikilisiyarmu, ta ce kowa ya kawo katinsa, za a ƙara masa allurar tsinkau-tsinkau, ciwon nan mai sarƙe haƙora. Ta ce cikin laka akwai ƙusoshi da kwano mai tsatsa, ba a ganinsu sai an taka.

Da alfahari na kai nawa. Har leda na buɗe mata da kaina.

Ta daɗe tana dubawa. Sai ta ja hannun rigar Rifkatu, ta duba dantsenta na hagu.

"Maman Rifkatu, wa ya riƙa kai yarinyar nan asibiti?"

"Gwaggonta. Me ya faru?"

"Ba ta da tabon allurar farko. Wannan kaɗai ba hujja ba ce, wasu ba ya fito musu. Amma katin nan hannu ɗaya ne ya cike shi, da biro ɗaya, kuma ba hatimi. Ga shi nan ma an rubuta an yi mata allura ranar Kirsimeti. Ba ma rigakafi ranar."

Na miƙe. Na karɓi katina, na tare adaidaita sai Daurawa.

Na sami Yaya Talatu a tsakar gida tana tsince wake. Ban gaishe ta ba. Na ajiye katin a kan farantin.

"Yaya, ina kike kai min 'ya?"

Ta dubi katin, ta dube ni. Ko musu ba ta yi ba. "Sai yau?" in ji ta. "Na je ranar farko, na karɓi kati, da layi ya matso na sulale. Sauran ranakun gidan ƙawata muke zama. Wani mai kemis ne ya cike min shi daga baya."

"Don me?"

"Lokacin kowa cewa yake allurar tana hana haihuwa. Ita kaɗai Bulus ya bari a duniya. In zuba ido a kashe masa iri?"

"Kina tsaye kusa da ni ranar da aka binne Ishaku. Kin ji abin da na faɗa wa Allah."

"Na ji. To ga ta nan, ta fi ki tsawo, ko kwana ɗaya ba ta taɓa yi a asibiti ba. Godiya ya kamata ki yi min."

Godiya! 'Yan'uwa, matar nan ta ci ƙosaina shekara da shekaru. Tare muke zuwa teburin Ubangiji. Ta ga na gudu da takardar nan a ƙirjina, ta san ƙarya nake runguma, ta yi shiru. Don ta san ba na karatu!

Na dawo gida na ce wa Rifkatu, "Ba allura, ba tafiya."

"Mama, Gwaggo ce ta yi miki laifi, ni kuma kike hora?"

"Rufe min baki."

Zan faɗa muku gaskiya. Zuciyata ta ƙi kowa. Na ce in Talatu za ta cuce ni, wace ce Hannatu? Maganar Talatu ma ta shige ni, ina ta juya ta: shekara sha shida lafiya lau, to a bar ta mana haka. Na daina zuwa sujada. Addu'ar Ubangiji in na fara, da na kai wurin gafara sai bakina ya ƙi. Rukunin farko suka tafi ba Rifkatu. Ta daina cin abinci da ni.

Wata safiya ina gaban kasko, mai yana tafasa, mutane a tsaye, sai na ji ba zan iya ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Yesu, an cuce ni. Ban san wanda zan yarda da shi ba. In ka bar ni haka, dutsen nan da ke ƙirjina zai kashe ni."

Ban ji murya ba. Ban ga haske ba. Tunani biyu ne suka zo min. Na farko, ƙyanda ta shiga gidan hayarmu sau biyu Rifkatu tana ƙarama, ba ta da kariyar komai. Ba kati ne ya tsare ta ba, ba kuma Talatu ba. Ubangiji ne ya rufe ta don ya san ban sani ba. Na biyu, yanzu na sani. Kuma alkawarin bakin kabari ba Talatu ce ta yi shi ba. Ni na yi, na miƙa wa wata ta cika min.

Na janye itace daga murhu. Wani mai adaidaita ya ce, "Haba Mama, ƙullu bai ƙare ba fa!"

Na ce, "Ka ci burodi."

Mama Hannatu ta raka mu asibiti a Tarauni. Aka ce ba ƙari za a yi wa Rifkatu ba, daga farko za a soma: ɗaya yau, ɗaya bayan mako huɗu, sauran a gaba. Sai bayan ta biyu za ta iya tafiya. Ta yi kuka, don rukuni na biyu ma zai wuce ta. Na riƙe dantsenta, idona a kan allurar har ta shiga ta fito.

"Mama, sake ni, riƙonki ya fi allurar zafi."

Na sa mai allurar ta karanta min abin da ta rubuta a sabon kati. Na sa Rifkatu ta sake karantawa. Na ga an buga hatimi da idona.

Da rukunin ƙarshe ta tafi. Kwana uku da zuwansu, kwano mai tsatsa ya tsaga mata tafin ƙafa cikin laka. Mama Hannatu ta wanke, ta ɗinke. Rifkatu ta dawo tana ɗingishi, ta warke sarai. Ga ta can zaune a layin mawaƙa. Halleluya! Daga baya Mama Hannatu ta ce min, da ba ta tsaya ta duba katin nan da kyau ba, allura ɗaya za su yi mata su ɗauka ta isa.

Yaya Talatu har yau ba ta ce min in yi haƙuri ba. Ina gaishe ta. Kowace safiya ina gafarta mata, don wadda na yi jiya ba ta kwana. Amma Addu'ar Ubangiji yanzu ina kai ta ƙarshe.

Na gode wa Yesu da ya tsare min 'ya shekarun da na zaci takarda ce take tsaronta. Ku dogara gare shi, shi ba ya ha'inci. Ku kuma iyaye mata, ranar rigakafi ku sauke kasko, ku goya abinku da kanku. Masu sayen ƙosai za su dawo gobe.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.