Azumin da Na Yi a Kan Malamin Ɗana

'Yan'uwana mata, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Da kunya na tsaya gabanku yau. Kwana uku na yi ina azumi, ina roƙon Allah ya hukunta mutumin da ban taɓa gani ba. Ni da ko kaza ba na iya yankawa!

Kun san ɗana Ishaya, mai koyon tuƙin jirgin sama. Ya kai matakin da ake sa masa wata hula mai tare masa ganin waje, ba sama ba ƙasa, sai agogunan da ke gabansa masu nuna yadda jirgin yake tafiya. Da su kaɗai zai tuƙa, kamar yana cikin gajimare. Sau biyu malaminsa ya kayar da shi a jarrabawar. Aka ce saura sau ɗaya, in ya sake faɗuwa sai gida.

Gida ya yi me? Gonarmu ta Kakangi shekara nawa rabonmu da ita? Zuciyata ta tafasa. Na ce, Ubangiji, ka bar 'yan bindiga suna cin karensu babu babbaka a dajin nan, yanzu kuma ɗan hasken da ya rage mana wani zai kashe, kana kallo?

Rana ta uku Ishaya ya kira. Na ce, "Kwantar da hankalinka, na kai ƙarar mugun nan sama. Don ya ga kai ɗan ƙauye ne!"

Ya ce, "Mama, ki bari! Ba don shi ba da yanzu zaman makokina kuke yi. Agogo ya nuna mun karkata hagu muna gangarowa, jikina kuwa ya ba ni a miƙe muke. Na bi jikina. Sai da malam ya ƙwace tuƙin, ya ce in cire hular. Mama, itatuwa na gani."

Na daka masa tsawa, "To uban wa ya hana ka bin agogon?"

"Ba ke kika koya mini ba? Duk lokacin da za mu hau hanyar Kaduna, sai ki ce in jikinka bai ba ka ba, sauka daga motar."

Na kashe wayar. Haushinsa, haushin kaina, har da haushin Allah! Gaskiya ya faɗa. Da wannan na raine su, domin dajin nan haka ya koya mana. Kuma ni ma jikina ne ya ba ni malamin mugu ne.

A bakin murhu na durƙusa, tuwo na ƙonewa ban kula ba. Na ce, Yesu, na janye ƙarata. Na yi azumi a kan hannun da ka aiko ya ceci ɗana. Ka gafarta mini! Na yi kuka har zafin ya sauka daga ƙirjina.

Na sake kiransa na ce, "Ishaya, in ka hau can sama, ka bar maganata a ƙasa. Bi agogonka."

Karo na uku ya ci. Haleluya! Ya ce jikinsa ya sake yi masa ƙarya, bai saurare shi ba.

Na soya ƙuli-ƙuli na aika wa malamin. Bai san dalili ba, ku ne kuka sani.

Godiya ga Ubangiji da bai amsa addu'ata ta farko ba. 'Yan'uwa, in zuciya ta hau, kada ku yarda da ita. Ku dogara gare shi. Amin.