Kaburbura a Gonar Lemo

A tashar motar garin Tzaneen, Mokgadi na jiran mota ta cika, sai wani tsoho ya ƙura wa rubutun rigarta ido.

"'Yata, ƙungiyarku ce ta kai Baturen nan mai gonar lemo kotu?"

"Mu ne, Baba. Tun da aka kore mu zamanin wariyar launin fata, ya hana mu ziyartar kaburburan iyayenmu a gonarsa. Gobe alƙali zai je ya gani."

"Ba abin da zai gani. An baje su, an dasa lemo a kai."

"Wa ya faɗa maka?"

"Kin taɓa ganin Bature ya hau tarakta da kansa cikin rana?"

Mokgadi ta matso kusa da shi. "To za ka nuna wurin?"

"Kowane lebura ya san shi. Shekara da shekaru, in muna tsinkar lemo a layin nan, waƙar makoki muke ji daga ƙasa."

"Har yanzu?"

Tsohon ya rage murya. "Ranar da kuka shigar da ƙara suka yi shiru, 'yata. Saurare suke."