Jan Zaren da Aka Samu a Ramin Kifi

Shugabar ƙungiyar masunta, Uwargida Lorna Kangas, dattawan gari, masu jiragen ruwa da masu gyaran koma, jama'a maza da mata, barkanmu da yamma. Yau Asabar, kwana tara ke nan tari bai bar ƙirjina ba, sai ku yi haƙuri da muryar tsoho. Na gode da kuka ba ni wannan dama.

Na farko, kun san bara ni na kai Dakta Noreen, mai binciken tsabtar ruwa, da mutanenta ramin da fararen kifinmu ke taruwa a Tafkin Superior. Suka zura kwalabe har ƙasa, suka ɗebo ruwa da laka don neman ɓurɓushin roba. Sakamako ya nuna jan zaren roba ya cika kowace kwalba. Dillalai suka fara ja da baya, gari ya ɗauki zafi. Arvid Lahti, wanda shekara arba'in muna shan kofi tare duk Lahadi, ya tare ni a bakin tasha ya ce, "Kai tsohon banza, ka kai baƙi sun leƙa mana tukunya!" Tun ranar bai sake taka ƙofata ba.

Na biyu, Dakta tana da wata al'ada: duk kwalbar da ta zura, sai ta buɗe wata wofi a cikin jirgi, ta sha iska kawai, don ta gane ko datti daga jirgin yake fitowa. Da ta duba wofin, ga jan zare dam! Ta zo har gida ta ce, "Baba Reino, ina jar rigar sanyin nan taka?" Na ce, "Ga ta a jikina, ta girme ki." Ta ce, "Ba na ce auduga kaɗai za a sa ba?" Na ce, "'Yar nan, sanyin tafki bai san auduga ba." Ashe ɓarawon yana cikin gida. Rigata ce, mai saƙar zaren roba, ke zubar da gashi cikin kwalaben.

Na uku, mun koma a watan jiya, ina sanye da auduga ina kaɗuwa kamar mazari. Roba akwai ta, ba zan ɓoye muku ba, kuma tamu ce, daga igiyoyinmu da wankinmu. Amma ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya tsorata mu ba. Kifinmu zai shiga kasuwa. Laifi tudu ne, ni kuwa yau na hango nawa, na yi barci har da minshari.

Allah ya tsare tafkinmu, ya cika komarku, ya dawo da kowane jirgi lafiya. Na aika wa Arvid takarda cewa ya zo ya yi mini dariya a gaban kowa, ya cancanta. Ina ta duban ƙofa, bai zo ba. Wanda ya gan shi ya gaya masa gobe Lahadi ce.

Na gode.