Gwiwar Aƙilu Gola

A bakin Ƙofar Doka, Nasrullahi yana jiran keke napep, sai ya juya ga wani dattijo da bai sani ba.

"Baba, ka ji kulob ɗinmu zai zuba sabbin 'yan wasa? Ga waɗanda kwantiraginsu ya ƙare nan birjik. Ni dai a dawo mana da Aƙilu gola."

"Su nemi mai jini a jika," in ji dattijon. "Aƙilu ya gama."

"Ya gama? Mutumin da ya tare fenariti ya hana mu faɗawa ƙaramin rukuni? Haba Baba, da gani ba ka kallon ƙwallo."

"Ina kallo, samari. Gwiwarsa ba za ta kai shi rabin kakar wasa ba."

"Surutun 'yan rediyo ne kawai. Wa ya ga gwiwar?"

"Ni nake gasa masa ita da ruwan zafi kowace safiya. A zaune yake sallah. Kuma in suka kira shi, wallahi zai je. Abin da nake tsoro ke nan."

Nasrullahi ya sake duban dattijon da kyau. "Ɗanka ne, Baba?"

"Shi kaɗai Allah ya bar mini."