Sa Hannun Yaya Umar

Murja: Salamu alaikum. Yaya Umar, kana jina?

Umar: Wa alaikumus salam. Murja, ina wuni? Ya Karmo?

Murja: Lafiya lau. Ya ofis? Ya su Anti Nafeesa?

Umar: Alhamdu lillahi. Ya maigidan naki?

Murja: Shi ne dai. Yaya, sun tafi da Lukmanu.

Umar: Su wa? Ɗaga murya, layin na yankewa.

Murja: Jami'an shige da fice. Da safe suka yi kamen baƙin haure a bakin kasuwa. Daga ganin tsagen fuskarsa suka ce ɗan Nijar ne. Jibi za a kwashe su zuwa boda.

Umar: Inna lillahi. Ba ki kai musu NIN ɗinsa ba?

Murja: Na kai, har da katin zaɓe. Ogansu ya ture su da bayan biro. Wai NIN ko baƙo ana ba shi, ba ya nuna wanda ya haifi mutum. Takardar asali ta ƙaramar hukuma yake so.

Umar: To a karɓo mana.

Murja: A ina? A Jiwa aka haife shi, can aka binne babansa, amma har yau ɗan zama ake ce masa, ba ɗan gari ba. Ogan ya ce in babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa ya sa hannu, za su sake shi. Kai kaɗai gare ni.

Umar: Sa hannu kawai?

Murja: Da taka takardar asalin. Za su kira can su tabbatar, shi ke nan.

Umar: Ba zan iya ba.

Murja: Yaya, cikina wata bakwai fa. Wallahi tsoro nake ji.

Umar: Bari in fita waje. Ki saurara da kyau. Garin da ke kan takardata ban taɓa taka shi ba, Baba ne ya samo min lokacin neman aiki. Shi da Inna daga Maraɗi suka tsallako, ke ce dai ba a gaya wa ba. In aka kira can, aikina na shekara sha tara ya tafi, kuma ba a kaina za su tsaya ba.

Murja: Yaya... ai na riga na ba su sunanka da lambarka.

Umar: Kin yi me?

Murja: Ina na sani? Sun ce yanzu za su neme ka.

Umar: Ga baƙuwar lamba tana shigowa. Sunan Baba fa, kin ba su?

Murja: Fom ne, sun ce in cike ko'ina. Yaya, kar ka ɗaga. Yaya Umar? Halo?