Allon Ɗan Takarar Kansila

A rumfar wani mai zane a Kpakungu, Sheshi ɗan takarar kansila ya gama cinikin allo.

"Malam, rubuta min: Gwarzon da ba a taɓa irinsa ba!"

"Ranka ya daɗe, abokin karawarka ya riga ka."

"To, Guguwar Minna!"

"Wannan na mai shayin can ne."

"Kai! To me ya rage?"

"Me ka taɓa yi wa unguwa?"

Sheshi ya sosa ƙeya. "Na dai taɓa yashe kwata."

"Shi ke nan! Ita kaɗai ba wanda ya ɗauka."

Sheshi ya ci zaɓe, amma unguwa ce ta ci riba. Har yau duk kwatar da ta toshe, shi ake miƙa wa shebur.