Wanda Ya Kira Daga Jiya

Inna: Salamu alaikum. Wa ke magana? Wannan lamba mai tsawo kamar igiyar guga ta ina ce?

Izzuddeen: Inna, ni ne, Izzuddeen. Barka da yamma.

Inna: Kai ne? Alhamdu lillahi! Wace yamma kuma, ko koko ban sha ba? Ka tashi lafiya?

Izzuddeen: Lafiya lau. Ya gida? Ya Jahun?

Inna: Jahun lafiya. Ya Legas ɗin? Ya... kai, bari in gama mana.

Izzuddeen: Ba katse ki nake ba, muryar ce ke daɗewa kafin ta iso. Ya Afra'u da jaririn?

Inna: Mai jego garau. Yaron kuwa ci kamar gara. Kwana shida ƙanwarka Nuriyya tana neman wayarka, sai wata mata ta yi ta Turanci. Mutum a haifa masa ɗan fari ya yi ɓatan dabo?

Izzuddeen: Na ga saƙon haihuwar, daga nan hanyar sadarwarmu ta lalace. Yanzu ma wayar kyaftin ce, minti goma ya ba ni. Na ce gara in kira tun yau, tunda gobe ne suna.

Inna: Gobe?

Izzuddeen: Gobe Juma'a mana.

Inna: Yau ce Juma'a.

Izzuddeen: Yau Alhamis, Inna.

Inna: Ni za ka koya wa kwana? Ga maza can a ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, an raba goro, rago na ɗaure a gindin darbejiya, liman kawai ake jira. Ba ka ji hayaniya ba?

Izzuddeen: Inna lillahi! Na manta... awa goma sha uku ne tsakaninmu. Wallahi nan yanzu rana take faɗuwa, ta Alhamis.

Inna: A Legas ɗin? Ɗanladi direba jiya ya dawo daga can da lodin manja, bai ce sun rage kwana ɗaya a baya ba.

Izzuddeen: Inna... ba a Legas nake ba.

Inna: Ina kake?

Izzuddeen: A kan teku.

Inna: A bakin teku, na sani. Ka ce min kana lissafa kaya a tashar jiragen ruwa.

Izzuddeen: A kai. Cikin jirgin. Wata biyar ke nan. Alkama muka ɗauko daga Amurka za mu kai Koriya.

Inna: Kai da ko kududdufin bayan kasuwa ban taɓa bari ka tsoma ƙafa ba? Afra'u ta sani?

Izzuddeen: Ta sani. Ni na roƙe ta kada ta faɗa miki.

Inna: Lallai. Ana shafa min mai a baki a gidana. To ka ce su tsaya ka sauka.

Izzuddeen: Babu inda za a sauka. Kwana goma sha biyu ba mu ga ƙasa ba, saura kusan goma.

Inna: To da magariba ina kuke ɗaure shi?

Izzuddeen: Ba a ɗaurewa, tafiya yake ba tsayawa.

Inna: Direban ba ya salla? Kai ina kake duban gabas, abu yana ta juyi da kai?

Izzuddeen: Akwai na'ura. Inna, lokaci na tafiya. Wane suna za a raɗa?

Inna: Ka tsaya tukuna. Wane irin wuri ne wannan da jiya ba ta wuce ba? Ko dai ba lafiya kake ba? Me ka ci?

Izzuddeen: Ƙalau nake. Duniya ce a dunƙule, rana tana riga zuwa wajenku. Gobe ma za mu haye wani layi, mu tsallake kwana guda sukutum.

Inna: Ku tsallake ku kai shi ina? Sallolin ranar fa, wa zai biya?

Izzuddeen: Inna, sunan!

Inna: Baffanka Sale ya yi masa kiran salla a kunne ranar da ya faɗo, ya ce suna kuwa sai uban yaro. Da ya ji shiru har jiya, ya ce a mayar da marigayi.

Izzuddeen: Sunan Baba? Mu'azu?

Inna: Kai ka faɗa, ni ba na faɗa. Shekara tara nake jiran wannan rana. Har na ce Maigida zan riƙa kiransa.

Izzuddeen: Inna, ni dai...

Inna: Kai me? Ko ta yanke? Nuriyya, zo ki duba min abin nan!

Izzuddeen: Ina nan. Inna, na yi alkawari da wani sunan.

Inna: Wa ka yi wa? Wa ya fi ubanka?

Izzuddeen: Ba wanda ya fi shi. Akwai wani dattijo a jirgin nan, Bakari, mutumin Mombasa.

Inna: Ta wajen Maigatari?

Izzuddeen: A'a, Kenya, bakin teku. Musulmi ne, mu biyu muke jam'i. Ya ce kakanninsa da iska kawai suke zuwa Indiya a jirgin katako, su kai itace su dawo da tufafi, sai iskar ta juyo suke juyowa. Na ce ai haka namu suke bin damina da shanu. Tun ranar yake kirana makiyayi. Shi ya koya min komai.

Inna: Allah ya saka masa. A aika masa da man shanu. Amma suna...

Izzuddeen: Ran Lahadi guguwa ta taso. Aka tura mu ɗaure wasu kaya a waje. Akwai igiyar da mutum ke maƙalawa a ƙugunsa ya kama ƙarfe da ita. Ni don rawar jiki ban maƙala tawa daidai ba. Shi ya gani. Ya kwance tasa ya taho ya maƙala min, sai ruwan ya hau.

Inna: Ya hau ina? Ba a ƙasanku yake ba?

Izzuddeen: Ya fi ginin sakatariyar Dutse tsawo, Inna. Da ya wuce, ina nan a rataye. Shi babu shi.

Inna: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kai ka ji ciwo?

Izzuddeen: Kafaɗa ce kawai.

Inna: Kawai! A ina aka binne shi?

Izzuddeen: Wuni guda muna zagaye, ba mu gan shi ba.

Inna: Ba wanka? Ba likkafani? Danginsa wane wuri za su tsaya su yi masa addu'a?

Izzuddeen: Babu. Kuma bai bar ɗa ba. Ni na yi masa salla ni kaɗai, ina kallon ruwa. Shi ya sa na ce... ban san ma yadda zan roƙe ki ba.

Inna: Ga liman can ya iso, na ji ana gaisawa.

Izzuddeen: In kin ce a bar na Baba, a bari. Wallahi ba zan ji haushi ba.

Inna: Rufe min baki in yi tunani. Ni duk kaina ya kulle. Kai kana jiya, mu muna yau, mutum ya mutu ba kabari... Marigayi dai ga nasa can bayan gari, baffanka na kai masa ziyara duk Juma'a. Yaya ka ce sunan bawan Allahn?

Izzuddeen: Bakari. Abubakar ke nan a wajensu.

Inna: Nuriyya! Ajiye tsintsiyar nan! Ruga ki ce wa Baffa Sale kada a yanka ragon tukuna. Ki ce Abubakar. Eh, Abubakar na ce! In ya tambaya, ki ce uban yaro ne ya kira daga jiya. Ke dai faɗa masa haka, ni ma ban gane ba!

Izzuddeen: Inna, na gode. Allah ya...

Inna: Kuka kake? Bari, kada ka ƙara musu ruwa. Na gaba dai na marigayi ne, ko mace ce sai an san yadda aka yi.

Izzuddeen: Na yarda. Kyaftin yana nuna min agogo.

Inna: Ka maƙala igiyar nan, ka ji ko? Ko barci za ka yi ka maƙala. Tsaya, kada ka kashe, bari in miƙa wayar ta taga... Ka ji? Sun shafa fatiha. Maroƙi yana faɗa: Abubakar! Ka ji shi? Kai! Kana ji na? Izzu... Nuriyya, zo, ta ɗauke. Ya ji kuwa?